Lahadin da Muka Tarar da Kwaɗo a Ƙofa

Wata Lahadi ce a ƙarshen daminar 1966, gero ya nuna, kasuwar Illela tana ci. Ni da babana da Iya, mahaifiyata, mun ratsa tsakanin raƙuma da jakuna masu ɗauke da kanwa, har bayan rumfar Baba Obi mai gyaran keke, inda mu Kirista 'yan ƙalilan muke taruwa sujada a wani ɗakin langa-langa. Sai muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Wani mai sayar da igiya ya gaya wa babana cewa tun da asuba su Baba Obi da sauran mutanen kudu suka ƙetara iyaka zuwa Ƙonni ta Nijar da iyalinsu, saboda labarin kashe-kashen da ke zuwa daga manyan garuruwa. Ni kuwa Nkechi nake tunani, 'yar Baba Obi, wadda muke zama benci ɗaya a makaranta.

Mu mutanen ƙasar Zuru ne, aikin ɗakin shan magani ne ya kawo babana bakin iyaka. Gidan haya muke, katanga ɗaya ta raba mu da Inna Kulu, matar wani mai fataucin goro zuwa Nijar. Tun ina ƙarama, da ladan ya gama kiran assalatu Iya za ta tashe ni, ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaro, babana ya karanta mana Maganar Allah, mu yi waƙar yabo, mu rufe da addu'a. Sai bayan nan nake ɗaukar guga in nufi rijiya, in share tsakar gida, in zuba wa awaki dusa, in kama wa Iya surfe kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta. In na yi ƙorafin barci takan ce, "Cikin da ya saba da kunun safe ba a tuna masa. Haka ake sabar wa zuciya."

Da muka dawo gida ran nan, babana ya ce daga yau babu waƙa, babu tabarma a waje, kowa ya yi addu'arsa a zuci. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Iya takan yi daka ba ta ko ɗaga kai. A makaranta gefen bencina babu kowa, duwatsun carafkenmu suna nan a gindin tsamiya inda muka ɓoye su, ban iya taɓa su ba. Wata yarinya ta tambaye ni, ba da mugunta ba, "Ku yaushe za ku tahi?" In aka aike ni korar tsuntsaye a 'yar gonarmu ta hanyar Araba, hankalina yana kan hanya, duk motar da ta wuce sai in bi ta da kallo cikin tsoro. Nakan ji iyayena suna gardama ƙasa-ƙasa. Babana yana cewa rai ya fi waƙa, Iya tana cewa, "In muka ajiye ta don tsoro, ran da tsoron ya wuce ba za mu same ta inda muka bar ta ba."

Wata safiya ina wanke-wanke, Inna Kulu ta leƙo ta kan katanga, ta kira Iya da sunanta. "Saratu, mi ya hwaru? Kwana biyu ban ji waƙarku ba. Ko wani ba shi da lahiya?" Iya ta sunkuyar da kai. Inna Kulu ta gane, ta ce, "Ku yi abinku. Duk wanda za ya taɓa ƙohwarku, sai ya hwara da tamu."

Washegari Iya ta fito da tabarma ba tare da ta tambayi kowa ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, tawa ma ba ta fita sosai, amma muka kai waƙar ƙarshe. Babana bai hana ba, bai kuma zo ba. A zaure ya zauna yana fuskantar ƙofar gida, leɓunansa suna motsi. Haka ya riƙa yi kullum har aka yi masa canjin wurin aiki, kuma ban sake jin ya ɗaga murya da waƙa ba. Ɗakin sujada ya zama ma'ajiyar albasa. Ba mu taɓa samun labarin su Nkechi ba, amma Iya ba ta fasa ambaton sunayensu a addu'ar safe ba har ta koma ga Ubangiji.

Yau ina zaune a birni, majami'armu babba ce, lasifika tana kai waƙa har bakin titi, babu mai hana mu. Amma da safe jikokina a guje suke fita da burodi a hannu, in na kira su addu'a sai su ce, "Kaka, mun makara." Nakan tsaya ina kallon bayansu, ina kewar muryar Iya. Abin da tsoro ya kasa ƙwace mana, gaggawa ce take ɗauke shi a hankali.