Tudun Ƙarfe Goma

Kullum da safe, kafin a buɗe ofisoshi, Gwaggo tana durƙushe a bayan na'ura da tocila a baki, tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsifar kai. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba gwaggon kowa ba ce a ɗakin binciken, amma har Farfesa, shugaban ɗakin, haka yake kiranta.

Aikin ɗakin shi ne a harba wata ƙwayar zarra, furoton, ta yi karo da 'yar'uwarta nutiron, sai a ƙirga ƙananan da ke fallatsowa, waɗanda ake kira fayon. In lissafin ya yi tudu a takardar zane, to wataƙila wata sabuwar ƙwaya ce ta leƙo ta ɓace. Wannan tudun ake nema. Mijin Gwaggo ya taɓa gaya wa maƙwabta wai matarsa neman kumburi take yi, aka kwana biyu ana kawo mata masu maruru.

Bara tudun ya fito. Farfesa ya yi aski, ya gayyaci manyan masana, har ya fara tunanin sunan da zai raɗa wa ƙwayar. Saura kwana uku taro, Gwaggo ta duba littafin da take rubuta lokutan awo, ta ga abin da ya hana ta cin abinci. Tudun ba ya fitowa sai a awon ƙarfe goma na safe. Ƙarfe goma kuwa Farfesa ke jona tsohuwar butarsa ta shayi, a soket ɗaya da na'urar ƙirga.

In ta yi shiru, bawan Allah zai tsaya gaban duniya ya sanar da gano butarsa. In ta yi magana, wa ya aike ta, ita da ba ta da digiri? Sakatariyar Farfesa ta ba ta shawara ta sace butar kawai. Gwaggo ta ce ai sata ba za ta gyara awon da aka riga aka yi ba.

Ta sami Farfesa yana gwada kwat.

"Ranka ya daɗe, yau a haƙura da shayi."

"Saboda me, Gwaggo?"

"Ƙwayar nan taka nake so in gani, ko za ta zo aiki ba shayi."

Ba ta zo ba. Washegari aka jona buta, sai ga ƙwayar a kan lokaci. Farfesa ya dubi butar, sannan ya cire kwat. An yi taron dai, amma a kan yadda ake gane tudun ƙarya, kuma da bakinsa ya faɗi wadda ta gano.

Gwaggo, ke ce kika zaɓa masa ya ji kunya gaban mutum ɗaya maimakon ɗari uku. Watan gobe za ki ajiye aiki, ba ƙwayar da ke ɗauke da sunanki, amma ba wata ta ƙarya da ta fita ta ƙofarki. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku kuma da za ku gaje ta, in kun hango kuskuren babba, ku ƙwanƙwasa masa ƙofa tun bai hau dandamali ba.