Ngatinem da Dutse Mai Ƙofa

A ƙauyen Karangsari, can gaɓar kudu ta Gunungkidul, ƙasa ba ta ba da komai sai rogo da duwatsu. Nan aka haifi Ngatinem, nan ta tashi tana tsintar ciyawar teku tare da uwarta idan ruwa ya janye. Daga inda suke tsintar ana hango Watu Bolong, wani dutsen farar ƙasa da ya miƙa wuya cikin teku, ruwa ya yi ta cin gindinsa har ya huda shi, ya bar ƙofar da kwalekwale uku za su shige a jere. 'Yan ƙauyen ba sa ɗaga kai su kalle shi. Masunta dai kan hau kansa su zura tarkon jatan lande.

Tana da shekara talatin mijinta ya rasu, ta bar 'yarta wurin kaka ta tafi aikatau ƙetare, birnin Penang. Shekara takwas tana jinyar wani tsoho da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar hoto. Da hannunsa ya fara rawa, ita ke riƙe masa kyamara a bakin taga, shi kuma yana faɗa mata ta dakata, haske bai iso ba tukuna. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce ta ɗauki abin da take so a ɗakin. Ta ɗauki kyamarar.

Sauran matan da suka dawo daga aikatau da sarƙar zinariya suka dawo. Ita kuwa sai aka riƙa ganinta a kan wani tudu da ke fuskantar Watu Bolong, ta kafa kyamara, ta zauna tana cin tiwul ɗinta na garin rogo da busasshen kifi tana jira. Tukijo, ƙanin marigayi mijinta, shi ya fi kowa tsokanarta.

"Mbakyu, yayata, yau ma bai motsa ba?" in ji shi in ya zo wucewa da tarkunansa. "Ki ce masa ya yi murmushi mana."

"Ya fi ka haƙurin tsayawa, Dik, ƙanena. Ya kuma fi ka kyan gani."

Abin da take jira shi ne rana. Ta lura a 'yan kwanaki cikin shekara, idan rana za ta faɗi, takan sauko daidai cikin ƙofar, ruwan ƙasa ya koma kamar an zuba manja. Shekarar farko hadari ya rufe. Ta biyu ta makara wurin jana'iza. A ta uku ta samu. 'Yarta Wartini, wadda a lokacin ke karatu a Yogyakarta, ta sa hoton a waya, kafin wata biyu baƙi suka fara tambayar hanyar Karangsari.

Ƙauye ya farfaɗo. Mata suka kafa rumfunan kwakwa da gasasshen kifi, samarin da ke shirin tafiya birni suka fasa. Tukijo ya ajiye tarko ya koma jagora, yana hawa da baƙi kan dutsen su tsaya a tsakiya a ɗauke su. Tsokanar ma ta ragu, sai dai ya ce ai shi ya fara ba ta shawara.

Ngatinem ba ta daina zuwa tudunta ba. Wata rana tana jera hotunan shekaru goma sha biyu za ta zaɓi na bango, sai ta lura dutsen ya canja. Duka daga wuri ɗaya ta ɗauke su, don haka bambancin ya fito fili: saman ƙofar ya sirance, kuma wani tsagi da a hoton farko bai fi zare ba, yanzu ya kai a zura hannu. Ta kwana uku da abin a ranta. Ta san tukunya nawa ke tafasa saboda dutsen nan, har da tata.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta shimfiɗa tabarma a barandar mai unguwa, ta jera hotunan bi da bi, ta ce a daina hawa. Wuri ya yamutse. Wani ya ce tun kakanni dutsen yake nan. Tukijo ya ce baƙin ciki ne kawai, ta ga wasu sun fara cin arzikin abin da ta tono. Maganar ta soke ta, amma ba ta rama ba. Ta miƙa masa hoton farko da na ƙarshe.

"Kai ne ke tsayawa a kansa sau goma a rana, Dik. Na riga na binne yayanka. Ya ishe ni."

Tukijo ya daɗe yana kallon hotunan, ya ajiye ya fita. Mai unguwa ya ce za a kira masana daga jami'a su duba. Suka zo suka auna, suka ce ta yi gaskiya. Aka kafa shingen gora a wuyan dutsen. Baƙi suka ragu, wasu rumfuna suka rufe, akwai matan da suka yi wata shida ba sa amsa gaisuwarta. Tukijo kuwa, ko da yake bai ba ta haƙuri ba, shi ya sari gorar.

Damina biyu bayan haka, wata Talata da la'asar, ana tsakiyar iska, aka ji ƙara kamar aradu. Kafin mutane su iso gaɓa saman ƙofar ya rufta cikin teku, sai ginshiƙai biyu tsaye. Aka yi ta kiran sunaye, kowa ya amsa. Wata tsohuwa daga cikin masu gaba da ita ta kama hannun Ngatinem ta riƙe. Ita kuma ta zauna a kan yashi ta yi kuka, don ta yi shekara goma sha huɗu tana kallon dutsen nan fiye da yadda ta kalli fuskar kowa.

Yau hotunan na rataye a zauren ƙauye, a jere, har da na ginshiƙan biyu da tsuntsaye suka mayar gida. Baƙi na zuwa kallonsu, malaman makaranta na kawo ɗalibai. Ngatinem ta haura sittin, gwiwa ta fara ƙin hawan tudu. Shi ya sa Tukijo ya gyara tsohon kwalekwalensa, duk ranar da teku ta kwanta yakan ɗauke ta su bi gaɓa yamma, inda ya ce ya san wani kogo da ruwa ya kusa hudawa, har ana ganin ɗigon haske ta cikinsa. Masana sun ce sai nan da shekara ɗari ko fiye zai zama ƙofa. Ta ce ba komai, ita za ta ɗauki hoton farko, jikokin Wartini su ci gaba.

"To ki yi sauri, Mbakyu," in ji Tukijo yana riƙe da filafili, "kafin ya gudu."