Wasiƙar Onarabul

Akwai wata Talata a ƙarshen 1999 da har yau in na tuna ta sai gabana ya faɗi. Lokacin ina akawu a wani ofishin tura kaya a unguwar Dengfeng, can ƙasar waje. Ban da cike takardun kwantena, ni nake kai fasfo ɗin mutanenmu ofishin shige da fice a ƙara musu kwanakin biza. Tsarin shi ne ka miƙa fasfo a ba ka rasit, da shi za ka riƙa yawo, bayan mako guda ka koma ka karɓa.

Na Malam Sabi'u, mai kula mana da lodi, ya kwana ashirin bai fito ba. Kullum na je, matar da ke bakin taga sai ta ce "meyo", wato babu. Tsoro ya kama mu. Bizarsa ta mai zuwa sayayya ce, ba ta ba shi izinin aiki ba, ga mutum tara a Kano da aikin nan suke ci. Sabi'u ya daina fita ko cin abinci, in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya miƙe zumbur.

Ana haka sai ga sabon ɗan majalisar mazaɓarmu ya zo kasuwar Zhanxi Lu saro wa shagon matarsa takalma. Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. A gida mun saba, in takarda ta maƙale babba ake nema ya sa baki. Muka same shi a otal. Mutumin kirki ne wallahi, ya ciro takarda mai tambarin majalisa, ya ce in rubuta abin da nake so ya sa hannu.

Ni kuwa na zage na zuba Turanci. Na yabi Sabi'u irin yabon da muke yi wa mutum in muna nema masa alfarma: mai gaskiya, mai ƙwazo, shekara biyu yana aiki a kamfaninmu bai taɓa fashi ba. Har daɗi nake ji.

Ranar Talatar muka tafi ni da Sabi'u, na miƙa wasiƙar a taga. Matar ta karanta, ta sake karantawa, ta tashi ta kira wani jami'i da tafinta. Suka shigar da mu wani ɗaki. Jami'in ya sa aka kawo fasfo ɗin ya buɗe, sai ga sabuwar biza an riga an manna. Ashe cunkoson baje koli ne kawai ya jawo jinkirin.

Tafinta ya dubi Sabi'u ya ce, "Shekara biyu kana aiki a nan. Wa ya ba ka izini?"

Sabi'u ya juyo, ni ya kalla. A gabanmu aka soke bizar, aka ba shi kwana goma ya bar ƙasar. Onarabul kuwa tun Lahadi ya hau jirgi.

Daga ranar na koyi abin da nake nanata muku ku sababbin shiga: takardar hukuma ba wurin yabo ba ce, abin da ba a tambaye ka ba kada ka rubuta, kuma girman mutum a gida ba ya bin sa ƙasar wasu.

Na raka Sabi'u filin jirgi ina jira ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Garba, kwantenar Alhamis, a sa tayil a ƙasa, takalma a sama. Kar su fasa wa mutane kaya."