Sawun Kujera a Dardumar Mahaifinmu

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Kano, ni da wani abokin aikina mai dangi a Birniwa. Kwana arba'in ke nan da rasuwar yayana, wanda ya daɗe yana aikin malamin gona a Hadejia. Inna, mahaifiyarmu, ta aiko daga ƙauyenmu da ke gaba da Kirikasamma cewa in je ofishinsa in kwaso kayansa, kuma ta nanata abu guda, wato dardumar mahaifinmu. Da ita mahaifin namu ya dawo daga Makka a zamanin da ake zuwa ta ƙasa. Yaya ya roƙi Inna ta ba shi ya shimfiɗa ta a ofis ranar da aka ware masa ɗaki nasa shi kaɗai.

Jirgin Nguru ya makara, ba kuma wanda ya yi mamaki. Damina ta ja baya, gero ya nuna, duk inda ka duba mutane ne a sunkuye cikin gonaki. A Ringim mata suka yi wa tagogi ca da dafaffiyar gyaɗa, gwangwani kobo biyu, wanda a Kano ba ka samu ƙasa da biyar. Wani dattijo ya shigo da kwandon zabi ya ajiye a ƙafata. Ba su yi shiru ba sai a wajen Kaugama, shi kuwa barcinsa ya sha abinsa. A Malam Madori na sauka, abokina ya wuce, na hau bayan wata babbar mota da ta ɗauko buhunan gishiri. Ana cikin aikin hanyar, don haka muka yi ta ratse, muka shiga Hadejia bayan la'asar.

A gidan Yaya na sauka. Matarsa tana takaba, daga bakin ƙofa muka gaisa, muka sake yi wa juna ta'aziyya. Ta aiko mini da biski da miyar busasshen kifi, na ci kaɗan don kada ranta ya sosu. Mukullin ofis, ta ce, yana hannun masinja.

Washegari na same shi a barandar ofis. Tsoho ne siriri mai furfura, kowa Baba yake ce masa. Da ya ji ko ni wane ne, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya buɗe ɗakin. Tebur na nan da takardu a jere, hular Yaya a rataye jikin ƙusa. Bayan teburin akwai baƙar kujera mai juyawa, da ƙananan tayoyi a ƙafafunta, irin waɗanda aka raba wa ofisoshi da kuɗi suka shigo gwamnati. Da na tura ta gefe na dubi ƙasa, sai na ga ɓarna.

Dardumar da muka taso ba ma taka ta da takalmi, tayoyin nan sun murƙushe ta. Ƙarƙashin tebur gashinta ya kwanta ya yi ƙyalli kamar an goge shi. Daga nan kuma wasu layuka biyu masu zurfi suka zagaya gefen teburin har zuwa gaban wani benci da ke jikin bango. Raina ya ɓaci ƙwarai. Har haushin Yaya na ji yana kabarinsa, Allah ya yafe mini. Na rasa da wane ido zan kai wa Inna wannan.

Baba ya ce, “Malam, kada ka ɗaga hankalinka tukuna. Wanda ya kwanta yana tashi. Wanda ya cinye ne ba dabara.”

Muka fitar da ita gindin wata bishiyar maina, muka kakkaɓe. Ya je gidan wani mai wanki ya aro dutsen guga, ya zuba garwashi. Ya jiƙa farin ƙyalle ya matse, ya shimfiɗa a kan wurin da ya kwanta, ya riƙa ɗora dutsen sama-sama ba tare da dannawa ba, tururi yana shiga cikin gashin. Yana ɗagawa, ni kuma ina bi da matsefi a hankali, ina tayar da gashin ta inda ya kwanta. Ya hana ni saka ta a rana, wai launin zai koɗe. Tun hantsi muke yi har aka kira azahar. Wurin ƙarƙashin tebur ya tashi, sai wanda ya sani ne zai gane. Layukan nan biyu kuwa suka ƙi, don a wasu wuraren har zaren ƙasa ya bayyana.

Na ce, “Baba, me ya kai kujera har can wajen benci?”

Ya ajiye dutsen gugar. Ya ce, “Manoma ne ke zama a bencin. Yayanka ba ya magana da dattijo ta bayan tebur. Da can yana tasowa ya zauna kusa da su. Da ƙafarsa ta fara kumbura, tashi ya yi masa wuya, sai ya riƙa turo kujerar ya zagayo. Wata rana sau ashirin. Na ce masa a sa falanki a ƙasa don dardumar, ya ce to, kullum sai ya ce gobe.”

Ban san ƙafarsa ta kai haka ba. A wasiƙunsa lafiya lau kawai yake rubutawa. Na naɗe dardumar, Baba ya ɗaure mini ita da igiya.

Kwanana biyu a Hadejia, sannan na hau motar kasuwa zuwa Kirikasamma. Daga can babu hanya sai ta ruwa, domin kogin ya cika ya malale fadama. Muka shiga kwale-kwale mu bakwai da buhun gero da keke. Shinkafa ta yi kore shar a cikin ruwa, masunta suna duba komarsu, fararen tsuntsaye suna tashi garke-garke idan mun matso. A kan wani tudu Fulani sun tara shanu suna jiran ruwa ya janye. Mai tuƙin ya ce bana ruwan bai kai na shekarun baya ba, amma ni da na ɗora dardumar a ka don kada ta jiƙe, gani na yi ya isa haka nan.

Na tarar da Inna a zaune a ƙofar ɗakinta. Idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Bayan mun gaisa na sha fura, ta ce in shimfiɗa mata. A hanya na yi niyyar juya wajen da ya lalace zuwa bango, amma da na zo gabanta na kasa. Ta bi dardumar da tafin hannu tun daga gefe, har yatsunta suka faɗa cikin layin. Ta tsaya.

“Mene ne wannan?”

Na gaya mata duka, da kujerar, da gugar da muka yi, da abin da Baba masinja ya faɗa. Na ce akwai mai gyaran darduma a Kano, in ta yarda in tafi da ita a cike wurin.

Ta bi layin da yatsa daga farkonsa har ƙarshe, ta dawo, ta sake bi. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. Ta ce, “Ba inda za ta je. Ubanku ya bar mini gurbin goshinsa a can sama, ban ce a cike ba. Wannan ma a bar mini shi.”

A kanta ta yi sallar la'asar a zaune, ta daɗe tana addu'a.

Kwana uku na yi, na biyo hanyar da na zo, jirgi ya sauke ni Kano ranar Laraba da yamma. Na tafi ne da zaton kaya zan kwaso, sai ga shi a bakin wani tsoho na fara sanin yadda ɗan'uwana ya yi zamansa da mutane, da irin ciwon da ya ɓoye mana. Tsakanina da shi tafiyar wuni guda ce, amma na bar wasiƙa ta tsaya mini. Wanda yake da nasa a raye, ya tashi ya je ya gan shi da idonsa. Allah ya jiƙan Yaya, ya jiƙan mahaifinmu, ya ba mu ikon kula da Inna a sauran kwanakinta.