Hannun Sale da Madubai Huɗu

Sale taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma tun muna yara a Dinawa na san Allah ya ba shi hannun da bai ba ni ba. Ban damu ba a lokacin, don ni ke zuwa na ɗaya a aji, shi kuwa ko firamare bai ƙarasa ba. Ya tafi Wurno ya zauna wurin wani tsoho mai gyaran agogo a bakin kasuwa, ya shekara goma sha ɗaya da gilashi maƙale a ido. Da waya ta zo ta kashe kasuwar agogo, ya koma gyaran tabarau da tocila. Ya gwada noman albasa, albasa ta ƙi shi. Daga ƙarshe ni na yi masa hanya ya samu aikin shara a ɗakin gwajin ƙasar noma da nake aiki, kusa da madatsar Goronyo. Ku riƙe wannan, ni na kawo shi.

A ɗakin akwai na'ura guda wadda ni kaɗai ke riƙe da makullinta. Manomi zai kawo ƙasar gonarsa, mu shanya, mu niƙa, mu zuba ɗan kaɗan a wani ƙaramin kofi. Na'urar takan aiko da wani haske da ido ba ya gani, ya bi ta madubai huɗu masu ruwan zinariya, ya daki ƙasar, ya dawo, sai kwamfuta ta faɗi irin takin da gonar ke so. Kowane madubi yana zaune ne a kan ƙusoshi uku na saiti. In ɗaya ya karkace ko da faɗin gashi ne, haske ya kauce, aiki ya tsaya.

Haka kuwa ta faru da aka ɗauke na'urar zuwa sabon ɗaki. Lambar ƙarfin haske ta faɗi warwas. Injiniyan kamfanin da ya kawo na'urar ya ce sai bayan wata biyu zai iya zuwa, ga masu noman rani sun cika baranda da ƙullin ƙasa. Shugabarmu, Madam Augustina, ta ce in gwada. Kwana uku ina murɗa ƙusoshi ina gumi, lamba sai ƙara sauka take.

Rana ta huɗu Sale ya jingine tsintsiya ya ce, "Madam, wanga madubi na ukku ya ɗan kwanta. In an bar ni in duba."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa wannan ba agogon kakarsa ba ne. Madam ba ta yi dariya ba. Ta sa ya wanke hannu, ta ba shi safar roba. Akwai wani ɗigon jan haske da ke nuna hanyar wancan da ba a gani. Sale ya yagi farar takarda yana taro ɗigon daga madubi zuwa madubi. In zai taɓa ƙusa sai ya ɗauke numfashi, ya murɗa abin da ni ban ma ga ya murɗa ba. Kafin azahar lamba ta haura inda injiniya ya bar ta tun farko.

Na yi masa barka da baki kawai. Kishi na ji, ba na ɓoyewa. Shekara uku na yi ina karatun difloma, ga mai shara ya zo ya kunyata ni da yagaggiyar takarda.

Daga nan abin ya zama ciwo. Manoman Boyekai da Kwargaba in sun zo, sai su wuce teburina suna tambayar ina Sale mai inji. Shi kuma ko a jikinsa, da safe ya yi shara, in haske ya ragu a kira shi. Da ma ya yi girman kai da na samu abin kamawa, amma ina, Malam Iliyasu yake kirana a gaban mutane, har ya share ƙarƙashin kujerata. Ranar da Madam ta ce za ta yanka masa makulli na biyu, kuma za ta nemi a ba shi kula da madubai gaba ɗaya, ban iya cin tuwon gidana ba.

Na rubuta takarda zuwa hedikwata, ban sa suna ba. Na ce wani marar takardar shaida yana buɗe na'ura yana taɓa ƙusoshi uku na bayan kowane madubi. Ban yi ƙarya ko ɗaya a ciki ba, da wannan nake ta lallashin kaina.

Bayan mako uku amsa ta zo da sunan Sale, da Turanci. Madam tana Sakkwato wurin taro, don haka ni ya kawo wa. Ya ce ba ya son bare ya ji sirrinsa. Na karanta masa, ina fassarawa, har da layukan da suka kwafo daga takardata. An hana shi shiga ɗakin na'ura, in ya kuskura a bakin aikinsa.

Ya kalli takardar. Can ya ce, "Wanda yar rubuta musu ya san injin ƙwarai. Haƙ ƙusoshi ya ƙidaya."

Na ce ƙila injiniyan ne.

Ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ce, "Madubi na ukku, ƙusar hagu ba ta son ƙarfi. Kak ka matsa mata."

Makulli ya dawo hannuna ni kaɗai, kamar yadda na so. Yau kwana tara ke nan haske ya sake faɗuwa. Ƙullin ƙasa sittin da wani abu suna jibge a baranda, masu su na zuwa suna komawa, lokacin dashe yana wucewa. Ina ciki da ƙofa a rufe, ƙusar hagu tsakanin yatsuna, ina jin tsintsiyarsa a waje. Taku biyar ne tsakaninmu, kuma ni da hannuna na rubuta abin da ya hana in kira shi.