Tawul ɗin da Kawu ya ɗaure

Guduma mai faci ne, aikinsa a bakin titi ƙarƙashin rumfar kwano. Da yamma kuma ɗan damben zamani ne, a wani tsohon sito inda kawunsa yake horar da samari.

Kansa yana ja. Duk naushin da Kawu ya nuna masa sau ɗaya ya zauna daram. Kare fuska ne ya ƙi shiga. Da zuciya ta ɗebe shi sai hannun hagu ya sauka, ya bar muƙamuƙi a fili. Har Kawu yakan rataye masa hannun a wuya da robar taya.

"Kawu, akuya ka mai da ni?"

"Ai akuya ta fi ka, ita in ta ji bugu kaucewa take."

An taɓa yin wata karawa, girar Guduma ta tsage, Kawu ya jefa tawul cikin fage, alamar an sallama. Guduma ya daina gaishe shi har aka girbe amfanin gona. Da suka shirya sai ya kafa sharaɗi: duk ranar wasa, a ɗaure tawul a jikin igiyar kusurwa. Kawu ya yarda, gudun kada yaron ya faɗa hannun wanda bai san ciwonsa ba.

Ranar gasar aka haɗa shi da Dogo, wani direba mai sanyin hali, wanda ya daɗe yana zuwa kallonsa yana nazarinsa. Guduma ya rufe shi da duka, ya fasa masa hanci. Dogo ya jure, ya rungume shi, ya raɗa masa, "Iyakar ƙarfin ke nan, mai faci? Ƙanwata ma ta fi haka."

Hannun hagu ya sauka.

Naushin Dogo na farko ya fitar da robar kare haƙori daga bakin Guduma, da haƙori a ciki. Na biyu ya jefa shi kan igiya, igiya ta mayar da shi. Idonsa a buɗe, amma ba ya ganin komai. Ƙafafun ne kawai suka ƙi durƙusawa, kuma muddin yana tsaye alƙalin wasa ba zai raba ba.

Kawu ya kai hannu ga tawul. Ruwa da gumi sun jiƙa ƙullin, ya cije. Ya sa farce, farce ya ɓalle. Ya sa haƙori. Yana ihu, ihun jama'a ya danne nasa. Kafin ya tsallaka igiya, kan Guduma ya bugi ƙasa.

Bai farfaɗo ba. A asibiti ya cika, mahaifiyarsa tana riƙe da hannun nan na hagu.

Kawu yana nan yana horarwa. Tawul a hannunsa yake yini, kuma da wuri yake jefawa. Samari suna kiransa matsoraci, wasu sun koma wajen wani.