Gaisuwar Yaya Manniru

Yaya Manniru ya zo Abuja daga Malumfashi yana ɗan shekara goma sha tara, da kayansa a leda ɗaya. Yau shekararsa ashirin da biyu a unguwar Apo yana gyaran wutar mota. Motocin nan na zamani masu haɗa fetur da batir, waɗanda sauran makanikai ke buɗe bonet su tsaya suna sosa ƙeya, wurinsa ake turo su. Sai dai bayansa ya gaji da sunkuyo. Burinsa ɗaya ne, ya samu aiki a kamfani, inda akwai inuwa da injin ɗaga mota da katin asibiti.

Ni ƙanwarsa ce, kuma ni na buɗe masa LinkedIn, shafin da ma'aikata ke haɗuwa da masu ɗaukar aiki. Na ce ya faɗi abin da ya iya in rubuta. Ya ce, "Kauthar, ni zan zauna ina yabon kaina a gaban jama'a? Rubuta makanike kawai." Na rubuta, raina a ɓace.

A shafin ya samo Madam Lucia, mai kula da motocin wani kamfanin sufuri a unguwar Gudu, ta kuma karɓi gayyatarsa. To, mu a gidanmu ba a zuwa wa babba da buƙata ranar farko, sai an yi ta gaisuwa an saba. Yaya ya ɗauki al'adar nan ɗungurungum ya kai ta intanet. Kowace Litinin da safe zai goge hannu da tsumma ya rubuta mata, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, har ruwan sama sai ya tambaya. Ita kuma ta amsa da godiya. Wata huɗu ana haka. In na yi magana ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba."

Ran nan motarta ta ƙi tashi. Irin masu batir ɗin ce, don haka da aka jawo ta Apo, rumfarsa aka nuna. Cikin minti arba'in ya tada ita. Da ya faɗi sunansa, sai ta tsaya tana kallonsa.

"Kai ne mai gaishe ni? Oga, ka iya wannan mota, ba ka faɗa ba? Wata uku muna neman mutum. Last week muka ɗauka wani daga Kaduna. Ni na zata gaisuwa kawai kake yi."

Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Madam."

Da la'asar ya zo gidana da kayan aikinsa a jiki. Wallahi ya ba ni tausayi. Ko ruwa bai sha ba ya miƙo mini wayarsa.

Ya ce, "Kauthar, rubuta duk abin da na iya. Amma kar ki karanta mini, kunya nake ji."